Tafiyar Ƙaguwa

Ni na riƙe mata littafin kuɗi shekara talatin da ɗaya,
don haka kar ku tambaye ni zaƙin muryarta.
Ku tambaye ni bashi.

Ardelia Whitlow, 'yar bakin ruwan Baltimore.
Uwarta na ɓare ƙaguwa a masana'anta,
a biya ta da awo, ta dawo gida yatsu duk tsaga.
A coci aka fara jin yarinyar,
can a sahu na uku,
har tsofaffin mata suka manta da fifita.

Tana sha bakwai wani mai jan takalmi ya kai ta New York.
Waƙa ɗaya, ɗauka biyu.
Faifan ya ci gari kamar wutar kara,
aka sallame ta da dala arba'in da rigar sanyi.
A jikin faifan, gurbin wanda ya tsara waƙa,
sunan surukinsa aka buga,
mutumin da ko fito bai iya ba.

Ta ce ba ta yi kuka ba. Ni ban yarda ba.
Abin da na sani, ta daina kallon makirufo,
ta koma kallon bayan gilashi,
inda maza ke murɗa maɓallai, taba a baki.
Ta kai musu kofi shekara huɗu
tana ƙirga yatsunsu.

Banki uku ta shiga, tambaya ɗaya:
ina mijin da zai sa hannu?
Sai ta jinginar da rigar sanyin,
ta haɗa da kuɗin da uwarta ke ɓoyewa a gwangwanin shayi,
ta kama hayar tsohon shagon wanki.
Mu muka manna kwalin ƙwai a bango.
Har ranar da muka tashi, ɗakin na ƙanshin sabulu.

Hoton ƙaguwa ta sa a tambarin kamfani.
Takan ce, wannan halitta ba ta tunkarar ƙofa,
ta gefe take bi,
kuma tana isa.

Na ga ta tsayar da ƙato mai ganga da ɗan yatsa:
«Gangarka ta cika surutu.
Bar wa yarinyar nan wurin numfashi.»
Na ga ta sauko da direban bas daga motarsa
don ta ji yana rera sunayen tashoshi.
Na ga ta loda faifai a bayan mota, ƙarfe biyun dare,
gidan rediyo zuwa gidan rediyo, ƙanƙara har gwiwa.

Amma littafi ba ya son kai, ni ma ba zan yi ba.
Shekarar da roba ta yi tsada, masu bashi suka yi layi,
akwai Lucius Tarver, yaro mai jita.
Ta ce in rubuta kasonsa a shafin gobe.
Na rubuta.
Ya rasu a Detroit goben ba ta zo ba.
Wanda aka ɗura wa maɗaci, ashe,
hannunsa ya san yadda ake riƙe ludayin.
Duk wata tana aika wa 'yarsa ambulan ba suna.
Ni nake lasar kan sarki.

Da masu kwat suka zo sayen kamfani,
kwana uku tana bin takarda da tabarau biyu.
Layi ɗaya ta ƙara da biro:
kowane faifai, sunan mai shi.

Yanzu kunne ya tafi.
Ranar Lahadi nakan je, in sa mata faifai,
ta ɗora tafin hannu a kan lasifika,
ta rufe ido, ta daɗe.
Sai ta yamutsa fuska.
Gangar, har yau, ta cika surutu.